Layin kai abin tara ya zo kaina a ajin 'yata na nazare: me zan kai wa yara 26?

Tambaya daga wata uwa a Kano:

"Assalamu alaikum. 'Yata shekararta huɗu, tana nazare 2. Makarantarsu ta tsara cewa duk Alhamis uwa ɗaya za ta kai wa ajin abin taɓawa na lokacin tara, yanzu layi ya zo kaina. Su 26 ne. Na yi niyyar in ɗaura wa kowa biskit da alewa da lemon kwali a leda, kakarta kuma ta ce in haɗa da soyayyar gyaɗa da aya tunda sun fi arha, sun fi gina jiki. Ba na so in ji kunya a gaban sauran iyaye, aljihun kuma ba nauyi. Me ya kamata in kai?"

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, saboda haka kada ki yi mamaki idan kika ga na fi daɗewa a kan abin da zai iya kawo yaro wurinmu fiye da abin da zai ƙawata leda.

Hajiya kakarta ba ta faɗi ƙarya ba. Gyaɗa ta fi biskit da alewa amfani nesa ba kusa ba, ga mai, ga gina jiki, ga sauƙin kuɗi. Amma ki ba ta haƙuri, gyaɗa da aya kada su shiga ajin nan.

Yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya iya gutsura da haƙoran gaba, amma niƙa abu mai tauri bai gama zama a bakinsa ba. Turamen haƙoransa na ƙarshe sai tsakanin shekara biyu da uku suke fitowa, kuma fitowar haƙori daban, iya aiki da shi daban. Hanyar iskarsa kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsansa ba, tarinsa ma ba shi da ƙarfin na babba da zai feso abin da ya maƙale. To, ki haɗa wannan da yadda yara ke cin abinci a lokacin tara: baki cike, ana dariya, wannan na fizgar na wancan, wani ya miƙe a guje. Jan numfashi ɗaya cikin dariya ya isa ya zuƙe ɓarin gyaɗa ya bi ta inda ba hanyarsa ba.

Abin da ya sa gyaɗa ta fi ɗaga mana hankali shi ne, sau da yawa ba ta toshe maƙoshi gaba ɗaya, gangarawa take yi cikin huhu. Yaro ya ƙware, ya yi tari har da hawaye, can ya lafa, kowa ya ce alhamdulillahi ta wuce. Alhali tana ciki tana shan ruwa tana kumbura, man jikinta yana cin wurin. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da tari su taso, a yi ta ba da maganin namoniya ba sauƙi, hoton ƙirji kuma ba ya nuna gyaɗa yadda yake nuna ƙarfe. Daga ƙarshe sai an sa yaro barci an zura na'ura mai fitila an ciro ta, aikin da ba kowane asibiti ne ke yin sa ba. Shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko danginta sukutum, sai an niƙa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta sa ta cikin jerin abubuwan da ake nesanta su da ƙananan yara, tare da gugguru da alewa mai tauri.

Na san za ki ce ai a gida tana ci, ba abin da ya same ta. Gaskiya ne. Amma a gida ke da ita ne, tana gabanki. A aji anti ɗaya ce, in an yi sa'a da mai taimaka mata, ido huɗu a kan bakuna 26. Kuma ba duk 'yan nazare 2 ne suka cika shekara huɗu ba, mun san yadda ake gaggawar sa yara makaranta yanzu. Shaƙewa ta gaske ba ta da ƙara: yaron da iska ta yanke masa ba ya kuka, ba ya tari, zaro ido kawai yake yi, a ajin da hayaniya ta cika. Don haka ma'aunin da nake ba iyaye ɗaya ne: ki kai abin da mafi ƙanƙanta a ajin zai ci lafiya ko da idon malama na wani wuri.

Da wannan ma'auni, abubuwa da yawa da muka saba da su za su zauna a gida. Aya, soyayyar gurjiya, gugguru, dunƙulallen ƙuli-ƙuli, cincin mai tauri, alewa mai tauri da mai tsinke, cingam, dabino da ƙwallonsa, magarya, kanya, agwaluma, ɗanyen karas da aka yanka zagaye-zagaye. Inabi ya fi su duka yaudara, don yana da laushi, ana ganin ba komai, amma girmansa da santsinsa daidai suke da toshe maƙoshin yaro ruf. In har za a ba da shi, a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Hajiya kuwa ki ce mata gyaɗarta ba ta yi asara ba: a dama wa jikarta kunun gyaɗa a gida, ayar a yi mata kunun aya, ta sha a gabanta.

Kafin ki sayi komai, ki sami antin su ko ki kira ta, ki tambaye ta ko akwai yaron da iyayensa suka ce wani abinci ba ya karɓarsa. Mutanenmu na ɗaukar alajin abinci ciwon Turawa, amma muna ganinsa a nan, sai dai sau da yawa ana kiransa borin jini a wuce wurin. Abubuwan da suka fi tayar da shi a yara su ne gyaɗa, ƙwai, madarar shanu, kifi, alkama, waken suya da riɗi. Riɗin ma da muke gani ba komai ba, tun daga farkon 2023 doka a Amurka ta wajabta rubuta shi a jikin kwali cikin manyan masu tayar da alaji guda tara. Inda aka fi yin kuskure a girkinmu shi ne abin da ke ɓoye: garin ƙuli a cikin yaji da kilishi, kifi ko ƙwai a cikin alale, madara a cikin fanke, ita kuwa awara ai waken suya ce zalla. Idan a gida kika yi abin, ki rubuta duk abin da kika zuba a 'yar takarda ki manna a murfin. Minti biyu zai ɗauke ki.

Idan aka ce miki akwai yaro ɗaya da ba ya cin ƙwai, alal misali, ni na fi son ki sauya wa ajin gaba ɗaya maimakon ki ware masa nasa daban. 'Yan shekara huɗu suna musayar abinci da laso daga hannun juna kafin a ankara, kuma zama kana kallo ana cin abin da aka hana ka ba ƙaramin abu ba ne a wurin yaro. Ki kuma tambaya ko akwai mai ciwon suga, wanda iyayensa ne za su faɗi abin da zai ci da lokacin ci, ko mai sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu sikila, da wuya makaranta ta rasa su, kuma su babban abin da suke buƙata a lokacin tara ruwa ne mai yawa, musamman da zafi.

Sai ledar da kika yi niyyar ɗaurawa. Ki ɗauki kwalin lemon ki juya bayansa, ki duba inda aka rubuta yawan sukari a kowace mililita 100. Da yawansu za ki ga giram 10 ko kusa da haka. Kwali mai mililita 200 ke nan ya kai giram 20, wato cokalin shayi biyar, tunda cokali ɗaya kimanin giram 4 ne. Shawarar da ake bi a Ingila ita ce yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 kada ya wuce giram 19 na sukarin da aka ƙara a yini guda, ɗan shekara 2 zuwa 3 kuma giram 14. Kin ga kwalin kaɗai ya cinye rabon yini, ba a buɗe biskit ba, ba a ɓare alewa ba, ba a lissafa shayin safe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2015 ta ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ko ruwan 'ya'yan itace na gaske da ba a ƙara masa komai ba, likitocin yara na Amurka sun taƙaita shi a mililita 120 zuwa 180 a yini ga 'yan shekara 4 zuwa 6.

Ba wai leda ɗaya ce za ta kwantar da yaro ba. Matsalar ita ce duk Alhamis ne, kuma kowace uwa na kallon abin da ta bayanta ta kai. Illar da za ki gani da idonki biyu ce: haƙoran gaba da suke yin baƙi suna gutsirewa, da yaron da zai dawo gida ƙarfe ɗaya ya ture kwanon abinci don zaƙi ya kashe masa yunwa. Maganar cewa sukari na sa yara rashin ji kuwa, binciken da aka yi bai tabbatar da ita ba, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma abin da ke sa ni jin takaicin ledar zaƙi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini. Ba 'ya'yan marasa hali kaɗai ba ne, muna ganinsa a yaran da taliyar leda da biskit suka zame musu abinci. Kuɗin da za ki kashe a kwali 26 zai sayi abin da zai ƙara wa jikinsu wani abu, har ki sami canji.

To me za ki kai? Abu biyu sun isa: ɗaya mai riƙe ciki, ɗaya ɗan itace, sai ruwa. In ni ce, ayaba da dafaffen ƙwai zan kai, muddin anti ta tabbatar ba mai matsala da ƙwai. Ayaba ta zo da rigarta, ba wuƙa, ba ƙuda, ba ƙwallo, zafi kuma ba ya lalata ta kafin tara. Ki nemi ƙanana, ko ki sayi manya a raba biyu a can. Ƙwai kuwa rabi ya ishi kowane yaro. Kiret 30 ne, rabin kiret ke nan zai ba ki rabi-rabi 30, ya wadatar da ajin har da ragowa. A dafa shi ya dahu sosai har gwaiduwar ta daskare, a tsaga shi a tsaye, a ba su da ruwa a kusa don gwaiduwa na da bushewa.

Idan ƙwai ba zai yiwu ba, alale ne na biyu a wurina. Ki zuba a ƙananan gwangwani ko 'yan robobi masu murfi, kada ki cika attaruhu, kada ki sa kifi saboda ƙaya. Ƙosai ma ya yi, da waina, da awara mai laushi wadda ba a soya ta ta bushe ba, da dafaffen dankalin Hausa, musamman mai jan ciki wanda ke ɗauke da bitamin A. A ɓangaren 'ya'yan itace ki bi abin da ke yayi, shi ne ya fi arha kuma ya fi daɗi. Kankana a cire 'ya'yanta a yanka sirara yadda ƙaramin hannu zai riƙe, gwanda haka, mangwaro a lokacinsa a fere a yanka, kada a miƙa wa yaro da ƙwallo. Lemon zaƙi yana da kyau da alale ko ƙosai, don tsaminsa na taimaka wa jiki zuƙar sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake, amma a cire 'ya'yan.

Iyaye kan cika yawa. Abin tara ba kalaci ba ne, ba kuma abincin rana ba. Yaro mai wannan shekaru kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 1,200 zuwa 1,400 yake buƙata a yini gaba ɗaya, abin taɓawa kuma 100 zuwa 150 ya isa. Rabin ƙwai da ƙaramar ayaba sun faɗa cikin wannan. Ki ƙara guda uku ko huɗu saboda wanda zai faɗi ƙasa, ki kuma sa na anti da mai taimaka mata, su ne za su yi ɓara da rabo da shara. Kowane rabo ya zama iri ɗaya, girma ɗaya. In kika kai robobi masu launi daban-daban, rabin lokacin tara zai tafi a rabon faɗa kan wa zai ɗauki ja.

Lokaci kuma shi ne inda abinci mai kyau ke komawa cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Hukumomin Amurka sun rage shi zuwa awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32, mu kuwa a Maris da Afrilu muna ganin 40. Ki lissafa: kin sauke alale ƙarfe shida da rabi, kin ajiye a ofis bakwai da rabi, an fita tara ƙarfe goma. Awa uku da rabi ke nan. Mafita biyu ce. Ko dai ki zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi kada a buɗe sai lokacin ci, ko ki dafa a makare ki kai ko ki aika dab da tara. Girkin jiya da daddare kada ya je, sai in kina da tabbacin firjinki ya kwana da wuta. Yankakken ɗan itace ma dokar ta hau kansa: kankana da aka yanka da asuba aka bari a roba cikin zafi ba abin ba yara ba ce. Ki wanke bayanta da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta shiga, don wuƙar ce ke jan dattin waje zuwa ciki, in da hali ma a yanka a makarantar.

Zoɓo, kunun aya, fura da nono da yogot na gida, duk ki bar su. Ba don ba su da amfani ba, sai don suna saurin juyawa, kuma ruwa da ƙanƙarar da aka haɗa su da su ne ke ɗauko gudawa da kwalara. Ruwan sha mai tsabta ya wadatar. Wadda ke fama da gudawa ko amai, ko mai ƙurji a yatsa, kada ta sa hannu a girkin, ko ke ce ko mai aikinki. Ki tambayi anti ko akwai inda yara ke wanke hannu. In babu, buta biyu da sabulu guda sun fi duk wani abin da za ki ƙara a ledar.

Wasu makarantun ba sa karɓar girkin gida, sai abin da ke rufe daga kamfani. In haka ne, biskit marar zaƙi sosai da ayaba ba laifi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a kowane kwali, musamman in an yi miki arha fiye da kima a kasuwa, kuma ki guji kayan da suka yini a rana a bakin shago. Kada ki sa balan-balan ko usur ko ƙananan kayan wasa a ciki. Fasasshen balan-balan yana cikin abubuwan da suka fi wuyar fita idan suka liƙe a maƙoshin yaro.

Game da kunya, zan gaya miki abin da na gani. Yara ba su san tsada ba. Gasar ta iyaye ce, a zauren WhatsApp ake yin ta, kuma ita ce ke sa mai ƙaramin ƙarfi cin bashi saboda abin da za a cinye cikin minti goma sha biyar. A ganina laifin makaranta ne da ta ce "a kawo abin taɓawa" ta yi shiru. Kamata ya yi shugabar ta fitar da 'yar takarda: ga abin da ake karɓa, ga wanda ba a karɓa, ga yawan yara, ga lokacin kawowa, banda ledar rabo. Ki ba ta wannan shawara a keɓe. Za ki sha mamakin yawan iyayen da za su ji daɗi a ransu.

Ki roƙi anti su zauna kafin a raba, su ci a zaune, ba mai tashi sai ya haɗiye. Kuma ki tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi, ko an taɓa koya musu abin da ake yi idan yaro ya shaƙe. In yana tari da ƙarfi ko yana iya magana, a bar shi ya yi ta tari, kada a ɗura masa ruwa, kada a zura yatsa ana lalube, don tura abin ciki ake yi. In ya kasa tari da magana, a sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In bai fito ba, a zagaya bayansa, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya ƙasa da ƙirji, a danna ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa, wani kuma na neman mota. Idan kuma bayan cin abu aka ga leɓe ko ido ko harshe na kumbura, ko murya ta dushe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko amai ya haɗu da ƙuraje, wannan ba na manja ko madara ko maganin ƙaiƙayi ba ne. Allurar adiranalin yake buƙata, a nufi asibiti mafi kusa nan take, a kira iyaye a hanya. Yaron da aka danna wa ciki, ko wanda ya ƙware ya ci gaba da tari ko numfashinsa na ƙara, likita ya duba shi a ranar ko da ya koma wasa, kuma a gaya wa likitan ainihin abin da yake ci lokacin da abin ya faru.